Tukwicin da Ya Rage a Baya: Haƙƙin Ma'aikaci Bayan Barin Aiki a Birtaniya

Da yawa daga cikin waɗanda suka sauka Birtaniya, ko don karatu ko don biyo iyali, aikin da ke fara zuwa hannunsu shi ne na gidan abinci, ko otal, ko shagon kofi, ko wurin gyaran gashi, kuma irin wannan aiki ba a cika daɗewa a kansa ba. Mutum zai yi wata shida ko takwas, ya samu wanda ya fi shi, ya ajiye wannan, ya karɓi albashinsa na ƙarshe, ya kama gabansa. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne, a ranar da suka miƙa rigar aiki da makullin akwatin ajiya, akwai sauran kuɗinsu da bai riga ya iso ba, wato kasonsu na tukwicin da abokan ciniki suka bayar a makonninsu na ƙarshe. Wannan kuɗi haƙƙinsu ne a idon doka, kuma barin aiki ba ya kashe shi, sai dai idan mai shi bai waiwaya ba, da wuya wani ya bi shi da shi har gida.

Dalilin da ya sa kuɗin ke makalewa yana cikin yadda ake biyansa. A yau kusan kowa da kati yake biya, kuma gidajen abinci da yawa, musamman a Landan, suna ƙara kashi 12.5 cikin ɗari a ƙasan takardar kuɗin abinci da sunan ladan hidima. Kuɗin ba ya shiga aljihun wanda ya kawo faranti a daren nan. Asusun kamfani yake shiga tare da kuɗin ciniki, sai daga baya a ware shi a raba. A wurare da dama akwai wani tsari da suke kira tronc, inda ake tara tukwicin wuri guda a ɗora alhakin rabonsa a kan mutum ɗaya daga cikin ma'aikata ko kuma wani kamfani na daban. Ko ta wace hanya aka bi, akwai tazara tsakanin ranar da abokin ciniki ya bayar da ranar da ma'aikaci zai gani a takardar albashinsa, kuma a cikin wannan tazarar ce haƙƙin mai barin aiki yakan sulale.

Dokar da ta shafi wannan batu ita ce dokar rabon tukwici ta 2023, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Oktoba 2024 a Ingila da Sikotilan da Wels, ban da Ayalan ta Arewa. Ta wajabta wa mai kamfani ya miƙa wa ma'aikata duk tukwicin da ya ratsa ta hannunsa ko yake da iko a kansa, ba tare da ya cire komai ba face abin da doka ta tilasta, kamar haraji. Ta kuma yanke wa'adi: dole kuɗin ya isa ga ma'aikaci kafin ƙarshen watan da ke bin watan da abokin ciniki ya biya. A ɗauka wani ya bar aiki ranar 10 ga Maris. Tukwicin watan Fabrairu yana iya kai wa har 31 ga Maris kafin a biya, na kwanaki goman da ya yi a Maris kuwa yana iya kai wa 30 ga Afrilu, kuma duk wannan jinkiri halal ne ga kamfani. Saboda haka wanda ya duba albashinsa na ƙarshe bai ga tukwici ba, kada ya yi saurin cewa an cuce shi, kada kuma ya yafe. Ya rubuta waɗannan ranaku biyu ya ajiye, ya duba asusunsa idan sun cika.

Kada a raina kuɗin. Idan, alal misali, wuri ya tara fam 4,000 na tukwici a wata, jimillar sa'o'in da ma'aikata suka yi kuma ta kai 1,000, kuma ana rabawa bisa sa'o'i, to kowace sa'a tana da fam 4. Wanda ya yi sa'o'i 60 a watansa na ƙarshe yana bin fam 240 kafin haraji, idan kuma aka haɗa da na watan da ya gabata, abin ya isa ya rage wa baƙo nauyin kuɗin haya a daidai lokacin da yake tsakanin aiki biyu.

Hujjar da aka fi kawo wa mai barin aiki ita ce, a wurin nan sai wanda yake cikin jerin ma'aikata ranar rabo yake samun kaso. Manaja zai faɗi haka cikin sakin fuska, kamar abin da kowa ya sani, shi kuma baƙo, da yake bai saba da ƙasar ba kuma ba ya son ya zama mai neman fitina, sai ya ce to, ya haƙura. A nan ya kamata a tsaya a yi tunani. Dokar ta ce rabon ya kasance bisa adalci, kuma gwamnati ta fitar da kundin ƙa'idoji da ke bayyana abubuwan da za a iya dubawa wajen rabo, kamar irin aikin da mutum yake yi, da sa'o'in da ya yi a lokacin da tukwicin ya shigo, da matsayinsa, da daɗewarsa a wurin, da kuma nufin abokin cinikin da ya bayar. Kamfani na da damar zaɓar waɗanda zai yi amfani da su, yana iya ba mai dafa abinci fiye da mai wanke kwanuka, ko tsohon ma'aikaci fiye da sabo. Amma a ganina, ƙa'idar da za ta hana mutum ko sisi daga tukwicin dararen da shi ne ya tsaya a kan ƙafafunsa ya yi hidimar, don kawai ya tafi kafin ranar rabo, tana da wuyar karewa a gaban alƙali, domin abokin ciniki ya bayar ne saboda hidimar wannan dare. Kotu ce ke da maganar ƙarshe a kan ko rabo ya yi adalci, sai dai mai kamfani ne zai sha wahalar bayani. Idan kuwa an riga an ware wa mutum kasonsa a lissafi, to ya zama wani ɓangare na albashinsa a doka, riƙe shi kuma daidai yake da riƙe albashi.

Yadda aka rabu ba ya sauya wannan. Wanda ya ajiye aiki da kansa, da wanda aka sallama, da wanda ya tafi bai cika kwanakin sanarwa ba, duk suna da haƙƙi a kan tukwicin lokacin da suka yi aiki. Ba a kuma yarda a cire kuɗin rigar aiki, ko na kofin da ya fashe, ko ladan da banki ke caja a kan na'urar kati daga cikin tukwici ba, ko da kuwa an sa mutum ya rattaba hannu a kan haka a takardar ɗaukar aiki. Dokar ta haɗa da masu kwantiragin da babu tabbacin sa'o'i, ta kuma haɗa da waɗanda kamfanin dillancin ma'aikata ya tura, abin da ya shafi baƙi sosai domin ta wannan ƙofa da yawansu ke shiga otal-otal da wuraren biki. Abin da bai shiga ƙarƙashinta ba shi ne tsabar kuɗin da abokin ciniki ya damƙa wa ma'aikaci a hannu, kamfani kuma bai sa baki a kai ba.

Shiri yana farawa ne tun kafin a miƙa takardar ajiye aiki. Duk wurin da tukwici ke shigowa a kai a kai, wajibi ne ya mallaki rubutacciyar manufa da ke bayyana yadda ake rabo, kuma ma'aikata su iya ganinta. Ku nemi kwafinta tun kuna ciki, ku karanta abin da ta ce game da masu barin aiki. Ku ɗauki hoton jadawalin aiki, wanda galibi ake mannawa a bangon kicin kusa da firij ko ake sakawa a manhajar waya, sa'annan ku sauke duk takardun albashinku zuwa wayarku ko imel ɗinku na kanku. Na san wata baiwar Allah da ta bar aikin otal ranar Juma'a, da safiyar Litinin ta buɗe manhajar kamfanin don ta duba sa'o'inta, sai ta tarar an riga an rufe mata shiga, ba jadawali, ba takardar albashi, ba komai sai abin da take iya tunawa. Ba lallai ne mugunta ta sa aka yi haka ba, tsarin kwamfutar ne ke cire sunan duk wanda ya tafi, amma ta sha wahala kafin ta haɗa lissafinta. Haka nan kada ku rufe asusun bankin da ake biyan ku ta ciki har sai wa'adin nan ya wuce.

Idan ranar ta cika ba a ga komai ba, matakin farko shi ne wasiƙa, ta imel, cikin ladabi, zuwa ga manaja ko sashen albashi, da kuma mai kula da tronc idan akwai shi. A faɗi ranar fara aiki da ranar barinsa, a ambaci watannin da ake magana a kansu, a nemi bayanin jimillar tukwicin da ya shigo wurin a waɗannan watanni da kuma adadin da aka ware wa mai wasiƙar. Wannan ba roƙo ba ne. Doka ta tilasta wa kamfani ajiye bayanan tukwici na shekara uku, ta ba ma'aikaci damar neman nasa sau ɗaya a cikin kowane wata uku, ta kuma ba kamfani mako huɗu ya amsa. Sau da yawa a nan maganar ke mutuwa, domin da zarar ofis ya ga mutum ya san wa'adin mako huɗu, sai a gano cewa mantuwa aka yi, kuɗin ya faɗo. Maganar baki a bakin ƙofar kicin ba ta barin shaida, saboda haka ko da kun yi waya da manaja, ku bi ta da ɗan saƙo a rubuce.

Idan an yi shiru, ko an ƙi, sai a tuntuɓi Acas, hukumar da ke sasanta rikicin ma'aikata da masu kamfani kyauta. Dole ne a bi ta wurinta kafin a shigar da ƙara a kotun ma'aikata, kuma shigar da ƙarar kanta ba a biyan kuɗi a kai tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2017 da ya soke kuɗin. Ƙarar rashin biyan tukwici ko rashin adalci a rabo tana da wa'adin wata 12 daga ranar da aka saɓa, wanda ya fi na yawancin ƙararrakin aiki tsawo. Ƙarar ƙin nuna manufa ko ƙin ba da bayanai kuwa wa'adinta gajere ne, wata uku aka sa lokacin da dokar ta fara aiki, don haka jan ƙafa a nan yana da haɗari. Kotu na iya umartar kamfani ya sake rabon, ya biya mai ƙara har ma da abokan aikinsa da ba su shigar da ƙara ba, tana kuma iya ƙara diyyar asarar da rashin biyan ya jawo, wadda aka ƙayyade iyakarta a fam 5,000 da farko. Ofisoshin Citizens Advice suna taimakawa wajen rubuta wasiƙa da cike takardu ba tare da karɓar ko kwabo ba, wanda kuma yake cikin ƙungiyar ƙwadago irin su Unite, sai ya fara da wakilinsa.

Akwai tsoron da ya kamata a ambata a fili, domin shi ne ke rufe bakin baƙi fiye da rashin sani. Ɗalibi mai bizar karatu yakan ji kamar duk wata jayayya da kamfani za ta iya taɓa zamansa a ƙasar. Neman tukwici batu ne na dokar aiki, kuma wanda ya kiyaye iyakar sa'o'in aiki da bizarsa ta yanke masa a mako lokacin zangon karatu ba shi da abin ɓoyewa. Wanda ya san ya ƙetare iyakar kuwa, lamarinsa daban ne, domin jadawalin da zai kafa hujja da shi shi ne kuma zai nuna sa'o'in, don haka ya nemi shawarar masani tukuna kafin ya aika da kowace takarda.

Game da haraji, kada a yi mamaki idan kuɗin ya zo da ragi mai yawa. Duk abin da aka biya bayan an ba mutum takardar P45, wato takardar bayanin albashi da haraji da kamfani ke ba mai barin aiki, ana cire masa haraji ne da lambar haraji ta 0T, wadda ba ta la'akari da kason da aka yafe wa kowa a shekara, don haka ana cira tun daga fam na farko. Idan abin da aka cire ya wuce ƙima, hukumar haraji ta HMRC tana daidaita lissafi bayan ƙarshen shekarar haraji ranar 5 ga Afrilu, ana kuma iya duba lamarin a asusun haraji na intanet. A kuma tuna cewa tun daga Oktoba 2009 ba a lissafa tukwici a cikin mafi ƙarancin albashi a Birtaniya, saboda haka idan albashin ƙarshe ya gaza, ba a cike giɓin da tukwici.

Masu 'yan'uwa a Amurka kada su auna wannan da abin da suke ji daga can, domin tsarin ya sha bamban. A can dokar tarayya ta yarda a biya mai karɓar tukwici dala 2.13 a sa'a muddin tukwicin ya cike zuwa dala 7.25, ko da yake jihohi kamar Kalifoniya sun hana hakan. Tun 2018 an haramta wa masu kamfani da manajoji riƙe tukwicin ma'aikata, wanda ya bar aiki kuma yana da shekara biyu, ko uku idan da gangan aka yi, ya nemi haƙƙinsa ta sashen albashi na Ma'aikatar Ƙwadago ko ta kotu. Lokacin biyan albashin ƙarshe kuwa kowace jiha da nata, don haka dokar jihar da aka yi aikin ita ce abin dubawa na farko.