Tukuicin ma'aikatan jirgin ruwan haya: kurakuran da na gaji da gani

Duk shekara idan zafin Turai ya shigo, Yuni zuwa Satumba, sai wani ya kira ni daga Girka ko Turkiyya, ya yi hayar jirgin ruwan shaƙatawa shi da iyali, gobe za su sauka, wai nawa ake ba ma'aikata. Ana gobe! To wannan ma kuskure ne, tun ranar sa hannu a takarda ake ware kuɗin.

Babban wanda ya taɓa ƙona ni shi ne APA. Kuɗi ne da ake ajiyewa hannun kyaftin kafin a tashi, wajen kashi 30 cikin 100 na kuɗin haya, na mai da abinci da kuɗin tsayawa a tasha. Karon farko na ɗauka tukuici na ciki, da kyaftin ya kawo lissafi ya miƙo canji sai na karɓa na yi godiya muka kama hanya. Mutum biyar sun yi mana hidima kwana bakwai, kukun nan har gari ya shiga da sassafe neman naman halal saboda mu, muka tafi ko sisi ba mu bar musu ba. Dillalin da ya haɗa mu da jirgin ne ya kira bayan kwana biyu yana tambaya ko an ɓata mana rai ne. Wallahi har yau idan na tuna sai na ji nauyi, na tura daga baya amma kunyar ta riga ta faru. APA ba tukuici ba ne, jama'a.

Ƙungiyar dillalan jiragen ruwa ta Bahar Rum, MYBA, ta ce tukuici kashi 5 zuwa 15 ne na kuɗin haya zalla, banda haraji banda APA. A Karibiyan da Amurka ana kaiwa 15 zuwa 20. Ni 10 nake warewa, idan an kyautata na ƙara. Hayar yuro 20,000, ka ajiye 2,000 ke nan.

Na biyu, ɗabi'ar nan tamu ta ɗan dunƙula wa wanda ya fi yi maka fara'a. Haba Alhaji! Kana ba mai kawo shayi yuro 200 a ɓoye, shi injiniyan da ya kwana cikin zafin inji don na'urar sanyaya ɗakinka kar ta tsaya fa? Da yaron da ke wanke jirgi tun asuba kafin ka farka? Ba ka gan su ba shi ya sa ka manta da su, kuma rigima kake haɗa musu bayan ka tafi. Ambulan ɗaya, hannun kyaftin, ranar ƙarshe, shi ya san yadda suke rabawa. Ni nakan miƙa a gaban wani daga cikinsu, in ce na kowa ne.

Kar ka ba da naira, yuro ko dala. Turare ko hula kyauta ce mai kyau amma ba ta tsaya a madadin kuɗi. Duba takarda ko an riga an saka kuɗin hidima, masu hayar awa a Dubai Marina wasu na sakawa. Kuma idan tsabar da ke hannunka ta kai yuro 10,000 sai ka bayyana wa kwastan wajen shiga Tarayyar Turai, shi ya sa idan kuɗin da yawa nake turawa ta hannun dillali tun kafin mu sauka.