Agogon sabobi: kurakuran da na gaji da gyara wa mutane

Mutum ya haɗa sabobi (kwamfutocin da ke yi wa wasu hidima) biyar ko bakwai don su riƙe masa bayanai, ya zuba kuɗi a faifai da wayoyi, amma agogo ko kallonsa bai yi ba. Sai ranar da Ceph, manhajar da ke haɗa faifan sabobi su zama ma'ajiya ɗaya, ta nuna gargaɗin HEALTH_WARN a kira ni tsakar dare.

Da yawa suna zaton in an saita agogo ranar da aka ɗora inji, shi ke nan. Ɗan ƙanƙanin lu'ulu'un da ke buga lokaci a cikin kwamfuta yana zamewa. Kuskuren kashi 10 cikin miliyan kaɗai ya kusa daƙiƙa guda a rana, kuma yana canzawa da zafin ɗaki. Ceph kuwa, in ba ka taɓa saitinta ba, bambancin da take yafewa tsakanin injinanta masu sa ido daƙiƙa 0.05 ne. Na ga masu ɗaga wannan adadi don gargaɗin ya ɓace. Ciwon yana nan, bakin majinyaci kawai ka toshe.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne juya agogo baya da hannu, domin ni ma na yi, kuma na ji a jikina. A wani wurin da na yi aiki muna ajiye bayanai a Cassandra, manhajar rumbun bayanai da ke rarraba su a kan sabobi da yawa. Ita dokarta ɗaya ce: in rubutu biyu suka yi karo, mai hatimin lokaci mafi sabo shi ke ci. Agogon saba ɗaya ya yi gaba da 'yan mintuna ba mu sani ba. Duk abin da ya bi ta kanta sai ya zama na gaba, gyaran da aka yi daga baya ta wata saba kuma a yi watsi da shi, babu ko saƙon kuskure. Ka goge abu, ka duba, yana nan daram. Da na gano, cikin gaggawa na buga umarnin date na mayar da agogon baya, ban cire sabar daga aiki ba. Sai sababbin rubuce-rubucenta suka zama tsofaffi a kan nata na ɗazu. Kwanaki muka yi muna tsintar bayanan mutane ɗaya bayan ɗaya, ina jin kunyar haɗa ido da abokan aiki.

Saboda haka, malam, cire ntpdate ɗin nan, umarnin da ke saita agogo a take, da ka sa a cron, mai maimaita aiki a kan jadawali, yana fizgar agogo duk awa! Ni chrony, manhajar daidaita agogo, nake sa wa kowane inji, da layin makestep 1.0 3: ya yi tsalle a gyara uku na farko bayan tashi kawai, daga nan sai ja a hankali. In agogo ya yi nisa, fitar da injin daga garke, gyara, sannan ka mayar. Kada ka manta da injinan manhaja, domin sau da yawa su ke buga hatimin.

Majiyar lokaci biyu ma tarko ce. Shaidu biyu sun saɓa, wa alƙali zai gaskata? Ina sa huɗu, na cikin gida, kowace saba tana kallon waɗannan huɗun. Na fi son su yi kuskure tare da a ce kowa da nasa daidai. Kuma ban haɗa sabobin lokaci na Google da na pool.ntp.org, tarin sabobin lokaci na jama'a: ranar da ake ƙara daƙiƙa ɗaya a agogon duniya, irin ta ƙarshen 2016, Google tana shimfiɗa daƙiƙar a kan awoyi, sauran kuwa a take suke sa ta.

Ƙananan abubuwa: buɗe ƙofar UDP 123, wadda saƙon lokaci ke bi, a katangar tsaro. Kada chrony da systemd-timesyncd, wata manhajar daidaita agogo ita ma, su yi aiki tare. Agogon inji ya zauna a UTC, lokacin bai-ɗaya na duniya, lokacin Najeriya da Nijar a bar wa allo. Duba chronyc tracking, umarnin da ke nuna zamewar agogo, da idonka, kada ka ce ai na ɗora.

Sai ƙaramin batirin CR2032 da ke cikin inji, mai riƙe agogo in babu wuta. In an ɗauke wuta, janareta ya yi jinkiri, saba mai mataccen batiri takan farka a wata tsohuwar shekara. Shi ya sa nake hana Ceph da Cassandra tashi sai chronyc waitsync, umarnin da ke jira agogo ya daidaita, ya amsa, batiran kuma akwai kwalinsu a durowata.