Yadda na rage zafin FPGA a ɗakin gwajinmu na Katsina

Zafin Afrilu a Katsina ba wasa ba ne, ga kuma allonmu mai Artix-7 (wani nau'in FPGA, wato guntun lantarki da ake iya sake tsara aikinsa) yana ɗumi har yatsa ba ya iya jimawa a kansa. Rahoton wuta na Vivado, manhajar da ake tsara guntun da ita, ya nuna mini inda gizo ke saƙa: bugun agogo, wato siginar da ke daidaita tafiyar aikin guntun, na megahaz 200 (bugu miliyan 200 a daƙiƙa) yana kaɗawa a kowane sashe, har da waɗanda ke zaune ba aiki, kuma kowane bugu wuta yake ci, wutar kuma ita ke zama zafi.

Sai na saka BUFGCE, wani makunnin agogo da ke cikin guntun, ya riƙa tsayar da agogon sashen tace sigina har sai bayanai sun iso. Sashen UART, mai aikawa da karɓar bayanai ɗaya bayan ɗaya, na mayar da shi megahaz 50, ai ba gaggawa yake ba. Volt 1.0 na cikin guntun kuwa ban taɓa shi ba, wasa da shi ganganci ne. Yanzu batirin sola yana kai mu asuba.