Darasi na 9: Barin Rata a Bakin Ƙofa Wajen Sa Manyan Tayil

Daɓen siminti yana motsi, ko da ido ba ya gani. Yayin da yake bushewa yakan tsuke. Idan ya ɗauki zafi ya miƙe, idan sanyi ya shigo ya koma. Ga lissafin: daɓe mai tsawon mita 10, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 20 a ma'aunin Celsius, zai miƙe da kusan milimita 2. Ka duba tef ɗinka ka ga ƙanƙantar milimita 2. Amma ta isa ta tsaga tayil, domin tayil ba ya lanƙwasawa.

Me ya sa sai bakin ƙofa?

Daɓen falo babban fili ne, na ɗaki ma haka. Abin da ya haɗa su shi ne ɗan siririn wurin nan na ƙofa, wanda sau da yawa bai wuce santimita 90 ba. Falo yana jan nasa, ɗaki yana jan nasa. Wani lokaci rana tana dukan falo ta taga, ɗaki kuwa yana rufe da na'urar sanyaya iska. Igiya dai a inda ta fi siranta take tsinkewa. Tunda wurin zai tsage ko ana so ko ba a so, gara kai ka zaɓa masa inda zai tsage, a miƙe, a inda ido ba ya kaiwa.

Da ƙananan tayil abin yana zuwa da sauƙi, saboda layukan tsakaninsu suna da yawa, suna raba nauyin motsin. Amma na yanzu masu santimita 60 da 60, ko 60 da 120, guda ɗaya tak yana iya haye ƙofa, rabinsa a falo rabinsa a ɗaki. Irin wannan shi ne wanda za ka ƙwanƙwasa da makulli ka ji yana ƙara kamar babu komai a ƙasansa. Daga baya sai tsaga ta ratsa shi, ko kuma ya tashi ya yi tozo.

Yadda ake yi

Tun ranar zuba daɓe ake fara aikin. Ka duba inda ƙyaure zai tsaya idan an rufe shi. A daidai ƙarƙashinsa za a ja layin da zai raba daɓen falo da na ɗaki, don ya ɓuya. Kafin siminti ya kama, ka yanka layin da gefen cokalin gini daga wannan bango zuwa wancan, zurfinsa ya kai aƙalla kashi ɗaya cikin uku na kaurin daɓen. Wanda ya fi wannan kyau shi ne ka tsayar da siririn soso a wurin, ka zuba daɓe ta kowane gefe. Idan ka tarar daɓen ya riga ya bushe, sai ka yanka da injin yankan tayil, bayan ka tambayi mai aikin famfo da mai wayarin ko sun bi da bututu ta wurin.

Kada a yi gaggawa. A riƙa jiƙa daɓen har kwana 7, musamman da hunturu, lokacin da iska ke busar da samansa ciki kuwa da sauran danshi. Sannan a bar shi ya kai aƙalla mako 3 kafin a ɗora tayil da gam. Masu shimfiɗa tayil kai tsaye a kan ɗanyen kwaɓi su ma su raba kwaɓin a bakin ƙofa, ƙa'idar ɗaya ce.

Yanzu ga inda aka fi yin kuskure. Ratar da ke tsakanin tayil dole ta hau daidai kan layin da ke cikin daɓe. Ko da kaurin yatsa ta kauce, aikin ya ɓaci. Saboda haka gwani daga bakin ƙofa yake fara awo, ya jera tayil a bushe zuwa cikin falo da cikin ɗaki, guntayen da za a yanka su faɗa jikin bango inda kujeru za su rufe su. Faɗin ratar kada ya gaza milimita 6. Ka ƙwaƙule duk gam ɗin da ya faɗa ciki tun yana ɗanye, har ka hango layin daɓen. Gam da ya bushe a cikin rata ya mayar da ita babu.

Farin simintin da ake cike tsakanin tayil da shi ba ya shiga wannan rata, domin idan ya bushe dutse ne. Ka cusa siririn soso a ƙasa, ka manna tef na takarda a gefunan tayil biyu, ka matsa silikon (abin liƙi da ke zama kamar roba idan ya bushe) mai launin da ya dace. Ka shafe shi da yatsa da ka tsoma a ruwan sabulu, ka cire tef nan take. Akwai kuma ƙarfen alminiyam mai roba a tsakiya da ake yi domin wannan aiki, ya fi dacewa da shago ko masallaci inda ƙafa ke da yawa. A jikin bango ma a bar irin wannan rata, tayil ɗin gindin bango zai rufe ta.

Mai gida zai iya cewa, "Malam, ni fa so nake ya tafi santal, babu yanka." Ka amsa masa da ladabi: "Ranka ya daɗe, layin a ƙarƙashin ƙyaure zai kwanta. In kuma ka fi so, sai mu sa dokin ƙofa na mabul, mu bi gefensa da silikon." Yawanci da ka ja layin da alli ka rufe ƙofa ya gani da idonsa, magana ta ƙare.

Aikin gida

Auna faɗin ƙofar ɗakinka ka rubuta da santimita. Daɓe mai mita 5 ya ƙara zafi da digiri 20, milimita nawa zai miƙe? Rubuta jimla biyu a kan dalilin da ya sa ba a cika ratar ƙofa da farin siminti.