Yadda na farfaɗo da 'yan sojojin dalma

'Yan mutum-mutumin wasa ne na rundunar tsohuwar daular Rum da ta Kartej, abokiyar gabarta ta Arewacin Afirka, 'yan mitsi-mitsi masu milimita 15, sun daɗe a akwatin katako a gidanmu na Fagge. Farar hoda ta feso musu, don tururin katako yana cin dalma. Na jiƙa su a Dettol har tsohon fenti ya saki, na bi da buroshin haƙori lungu-lungu, musamman ƙarƙashin garkuwa. Masun da suka karye na musanya da siririyar waya da Super Glue daga Sabon Gari, sannan sabon fenti. Don Allah a sa safar hannu, a nisanta yara. Gubar dalma ta Zamfara a 2010 ta ishe mu izina. Yanzu suna mazubin roba, ranar Asabar za mu jera su mu kwaikwayi yaƙin Kanne, inda Hanibal, kwamandan Kartej, ya ci sojojin Rum.