Koyar da yaƙin basasar Amurka: a fara da auduga da murafun kwalba

Malam, idan an ba ka darasin bauta da yaƙin basasar Amurka, kuma abin da kake da shi zama huɗu ne na minti 40, kada ka buɗe da 1861, shekarar da yaƙin ya ɓarke. Yaran Katsina akwai su da hadda, za su kawo maka sunayen janar-janar tsaf. Amma ka tambaye su me ya sa Kudu da Arewa suka zauna ƙasa ɗaya shekara 70 da ɗoriya da bautar a tsakaninsu, ba a yi yaƙi ba sai a lokacin, sai aji ya yi tsit. Amsar tana cikin auduga da ƙirgen kujerun majalisar dattawa, kuma dukansu ana iya ɗora su a kan tebur.

Kayan aikin ba su da tsada: auduga wadda ba a gurza ba kamar cikin tafi uku (da kaka ba ta wuya a wajen Funtuwa da Malumfashi), murafun kwalba iri biyu, 36 na iri ɗaya da 30 na ɗayan, sai alli da taswirar Amurka da ka zana a allo tun kafin yara su shigo.

A zama na farko ka ba yara uku audugar, su cire angurya da hannu na minti biyar. Abin da za su tara ba zai taka kara ya karya ba. Sannan ka faɗa musu cewa mutum ɗaya yakan wuni a kan abin da bai kai rabin kilo ba, har 1793 da Eli Whitney ya ƙera injin gurza mai fitar da fiye da kilo 20 a rana. A nan aji yakan kauce. Wani zai ce to ai inji ya rage buƙatar bayi. Bar shi ya gama, sai ka tambaye shi: injin yana shuka? Yana tsinka? Da gurza ta yi sauƙi sai aka faɗaɗa gonaki, aikin ya koma kan masu noma da masu tsinka. Rubuta a allo: bayi kusan 700,000 a ƙidayar 1790, kusan miliyan 4 a ta 1860. Ka kuma rubuta 1808 a tsakani, shekarar da aka haramta shigo da bayi daga Afirka, don su gane cewa galibin ƙaruwar ta haihuwa ce. Kimanin mutum miliyan ɗaya aka kwashe daga tsofaffin jihohi irin Bajiniya zuwa gonakin auduga na Alabama da Misisipi, ana raba uwa da ɗa.

Kalmar bawa kanta tana buƙatar minti goma. Ɗalibinka ya zo da nasa hoton: bayin sarki masu sarauta, cucanawa, murgu, ƙwarƙwarar da ɗanta kan gaji uban gidanta. In ba ka tare shi ba, da wannan idon zai kalli Amurka. Can, dokar Bajiniya ta 1662 ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ko da ubangidan ne ya haife shi, yana iya sayar da shi. Bautar ta ɗauru da launin fata. Bayan tawayen bayi da Nat Turner ya jagoranta a 1831 kuma, jihohin Kudu suka ƙara tsaurara hana koya wa bayi karatu. Sai dai ka riƙe linzami, kada zancen ya zama musun wace bauta ta fi sauƙi. Wanda aka kamo a hari aka kai rinji bai ji daɗi ba, kuma a nan ma sai da shelar Lugga ta 1901 ta 'yanta 'ya'yan da za a haifa, ba a soke bautar baki ɗaya ba sai 1936.

Zama na biyu shi ne ƙashin bayan darasin, kada ka yi masa gaggawa. Kowace jiha, babba ko ƙarama, sanata biyu take da shi, don haka kowace jiha murfi biyu. Fara da 1819: jihohi 11 masu bayi, 11 marasa bayi, murfi 22 a kowane gefe. Arewa ta riga ta rinjayi majalisar wakilai saboda yawan jama'a, duk da cewa tsarin mulkin 1787 ya bari a ƙirga kashi uku cikin biyar na bayi wajen rabon kujeru. Majalisar dattawa ce kaɗai garkuwar Kudu. Yanzu ka ce Misuri tana son shiga da bayi, ka bar yara su nemo mafita. Galibi su da kansu za su ce a ƙara wa ɗaya gefen ma, wanda shi ne sulhun 1820: Misuri da bayi, Maine ba bayi. Ja layi da alli daga kudancin Misuri zuwa yamma, digiri 36 da minti 30, arewa da shi ba bauta a yankin da aka saya daga Faransa a 1803.

Ci gaba da ajiye murafu. Arkansas a Kudu, Michigan a Arewa. Florida da Texas, sai Iowa da Wisconsin. A 1848 an koma 15 da 15. Yaƙin Meziko ya kawo sabuwar ƙasa, Kalifoniya ta shiga ba bayi a 1850, kuma ba ta da abokiyar tagwaitaka. Minnesota a 1858, Oregon a 1859: murfi 36 da 30. Ka dakata a nan su kalli teburin.

Abin da aka biya Kudu da shi a 1850 dokar kamo bayin da suka gudu ce. Wanda ake tuhuma ba ya ba da shaida a kan kansa, mai yanke hukuncin kuma dala 10 yake samu in ya miƙa shi ga mai da'awa, dala 5 in ya sake shi. Wannan lissafi yana zama a kan yara. Sai ka ɗauki tsumma ka goge layin allin: dokar Kansas da Nebraska ke nan ta 1854, wadda ta ce mazauna yanki su zaɓa da kansu, aka zubar da jini a Kansas, aka kafa jam'iyyar Republican. A 1857 kotun ƙoli ta ce a shari'ar Dred Scott majalisa ba ta da ikon hana bauta a yankunan da ba su zama jihohi ba.

Masu gyaran al'umma zama ɗaya ya ishe su. Farkawar addini ce ta haifar da su tare: masu yaƙi da giya, masu neman makarantun gwamnati, masu neman soke bauta. William Lloyd Garrison ya fara jaridarsa ta neman soke bauta a 1831, Frederick Douglass ya tsere daga bauta a 1838. Matan da aka hana zama cikin wakilai a taron yaƙi da bauta na Landan a 1840, Lucretia Mott na cikinsu, daga nan tunanin taron haƙƙin mata na Seneca Falls na 1848 ya taso. Kuskuren da yara ke yi shi ne ɗaukar duk mutanen Arewa masu son baƙar fata. Raba allo gida uku: masu cewa a soke bauta yanzu, masu cewa kada dai ta yaɗu yamma, da masu kare ta. Gidan farko 'yan tsiraru ne, kuma a Illinois, jihar da ba bayi, gungun mutane suka kashe ɗan jarida Elijah Lovejoy a 1837. Abraham Lincoln, ɗan takarar shugaban ƙasa na Republican a 1860, a gida na biyu yake.

A zama na ƙarshe ka rage yaƙe-yaƙen. Lincoln ya ci zaɓe da kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'u. Karolina ta Kudu ta ɓalle ranar 20 ga Disamba 1860, jihohi 7 kafin a rantsar da shi, 4 bayan harin da Kudu ta kai sansanin soja na Fort Sumter ranar 12 ga Afrilu 1861. Arewa mutum kimanin miliyan 22, Kudu miliyan 9, miliyan 3 da rabi daga ciki bayi. Robert E. Lee, babban janar ɗin Kudu, ya miƙa wuya ranar 9 ga Afrilu 1865, bayan mutuwar aƙalla sojoji 620,000.

Tarko biyu ne a nan. Da yara sun ji Arewa da Kudu da ɓallewa, Biyafara za ta faɗo musu. Ka tsayar da kwatancen tun da wuri, dalilan ba ɗaya ba ne. Na biyu, za su rubuta cewa shelar 'yanta bayi da Lincoln ya yi ranar 1 ga Janairu 1863 ta 'yanta kowa. Ba ta shafi Delaware da Maryland da Kentucky da Misuri ba, masu bayi ne amma ba su ɓalle ba. Gyaran tsarin mulki na 13, a Disamba 1865, shi ya soke bautar. Abin da shelar ta yi shi ne ayyana 'yancin bayin yankunan da suka ɓalle da buɗe ƙofar soja, baƙar fata kusan 180,000 suka shiga rundunar Arewa, cikinsu har da Muhammadu Ali ɗan Sa'idu, haifaffen Kukawa ta Barno, wanda aka sani da Nicholas Said, a rundunar Massachusetts ta 55.

Tambayar jarrabawa ɗaya ta isa: me ya sa zaɓen mutumin da ya ce ba zai taɓa bauta a inda take ba ya sa Kudu ta ɓalle? Wanda ya kawo auduga da yankunan yamma da ƙirgen sanatoci ba shi cikakken maki. Wanda ya ce 'yancin jihohi ne kawai, ka rubuta masa a gefen takarda ya bayyana dalilin da Kudu ta nemi gwamnatin tarayya ta tilasta wa jihohin Arewa dokar 1850.