Yadda za mu riƙe 'yan matanmu na Legas daga sakandare har su tsaya gaban allo a jami'a

Duk wanda ya san Idi-Araba ya san ba wata tazara tsakanin unguwar Hausawa da asibitin koyarwa na LUTH, kuma nan kwalejin likitanci ta jami'ar Legas take, toh amma ki tsaya bakin get da safe ki ƙirga 'yan unguwarmu da ke shiga da farar riga, sai ki ƙirga masu tallan gyaɗa da fura a waje, wallahi lissafin ba daɗi. Haka Alaba Rago ta Hausawa take maƙwabtaka da LASU, jami'ar jihar Legas, a Ojo. Ni a Agege na tashi, kuma shekarun da na yi ina koyar da yara lesin sun nuna min ba ƙwaƙwalwa ce ke kayar da yaranmu mata ba, wasu 'yan mahaɗu ne guda uku huɗu da ake sakaci a kansu, kullum a nan suke zubewa. Su zan bi da ku.

A fara da takardu tun tana aji huɗu na sakandare, kar a bari sai an fara sayar da fom. Tun 2021 ba a rajistar JAMB, jarrabawar shiga jami'a, sai da lambar NIN ta shaidar ɗan ƙasa, kuma sunan da ke kan NIN ɗin shi zai bi ta har ƙarshen karatu. Mu kuma kun san halinmu da suna, a gida Ummi, a Islamiyya A'ishatu, a firamare malamin da ba ya jin Hausa ya rubuta Aishat, a katin haihuwa an sa sunan kaka a madadin na uba. Ƙanwata haka ta yi asarar shekara guda cur, mun je kafe, shagon intanet, za a yi mata rajista aka ga shekarar haihuwa ta NIN daban ta makaranta daban, kafin a yi rantsuwar kotu a gyara an rufe. Tana kuka Baba yana cewa "ke dai ki yi haƙuri, rabo ne", na ce Baba rabo ne amma da sa hannunmu a ciki. Ku zauna rana ɗaya ku baje katin haihuwa da NIN da takardar makaranta a kan tabarma, harafi da harafi, abin da ya saɓa a gyara shi yanzu.

Sai takardar shaidar ƙaramar hukuma ta asali, wannan kam mutane da yawa ba su san darajarta ba. Jami'o'in tarayya suna raba gurbin shiga kashi uku ne, 45 cikin ɗari na cancanta zalla, 35 na jihohin da ke kewaye da jami'ar, 20 kuma na jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ilimin boko, kuma Kano da Jigawa da Katsina da Sakkwato da Zamfara da Kebbi da Yobe da Borno duk suna ciki. Abin da ake dubawa jihar asali ce, ba inda aka haife ki ba. Ke nan yarinyar da aka haifa a Mile 12 amma babanta ɗan Haɗeja ne tana da ƙofar da za ta nema ta nan, amma fa sai ta rubuta Jigawa a fom ɗinta kuma tana da takardar a hannu. Na ga wadda wani mai kafe ya rubuta mata Legas don ya ga a nan take zaune, ta tashi ba tsuntsu ba tarko, ba ta da shaidar 'yar asalin Legas kuma ta bar tata. In za a je gida sallah ko biki a haɗa da wannan, a je sakatariya da hoto da sa hannun mai unguwa ko dagaci a karɓo. Kar kuma a ɗauka kason nan zai ɗauki wadda ba ta yi karatu ba, jami'ar Legas ba ta kallon wanda bai kai maki 200 a JAMB ba, tana son kiredit biyar a zama ɗaya har da Turanci da lissafi, kuma sai an sa ta zaɓin farko. LASU ta jiha ce, 'yan jihar take fara dubawa, a nema amma kar a dogara da ita kaɗai, a sa ido kan Yabatech, kwalejin fasaha ta Yaba, da kwalejin ilimi ta tarayya da ke Akoka.

Abin da ya fi ci min rai shi ne mayar da yarinya arewa a tsakiyar karatu. Tana aji biyar sai a ce ta girma, Legas ba wurin tarbiyya ba ce, a kai ta wajen goggonta. Ban ce tsoron iyaye ba shi da tushe ba, duk mun san garin nan, amma in dai za a kai ta a kai ta da takardar canjin makaranta da sakamakonta, a tabbatar an sa ta a aji kafin wanda ya raka ta ya juyo, don abin da na saba gani shi ne goggo na da nata yaran da nata talaucin, yarinya ta koma mai wanke-wanke, bayan shekara ki ji an sa rana. In kuma batun hijabi ne ke sa wasu cire yaransu daga makarantar gwamnati, toh wannan magana ta ƙare, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yunin 2022 cewa ɗalibai Musulmi mata na da 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin jihar Legas. Darasin Yarbanci ma kar ta raina shi, yarenta na biyu ne ai tunda a titi ta koya, kiredit ne mai sauƙi kuma zai yi mata rana.

Kuɗi. Tun 2024 akwai bashin karatu na NELFUND ga ɗaliban manyan makarantun gwamnati, ba ruwa a kansa, ta intanet ake nema. Hukumomin tallafin karatu na jihohinmu ma a riƙa leƙawa, nan ma takardar asalin nan ce za ta yi aiki. Amma gaskiya kuɗin mota da na abinci da na hotokwafi su ne ke karya ɗaliba a hankali, shi ya sa nake cewa yayye maza masu sana'a a kasuwa su yanka wani abu duk sati ya zama nata, ko adashi ne a shiga da sunanta. Daga Agege yanzu akwai jirgin ƙasa da ke tsayawa a Yaba, daga nan mota ɗaya ce zuwa Akoka inda jami'ar Legas take, ga wanda hankalinsa bai kwanta da hostal ba. Ni dai na fi son hostal, don wadda ta kwana a gida ita ce mai girki da rainon ƙanne, karatun dare sai dai ta ji labari.

Yanzu maganar aure, wadda kowa ke kewaye ta. Ba na cikin masu cewa sai ta gama digiri uku, mata nawa suka yi karatu da goyo a baya. Amma "zan bar ta ta ci gaba" da saurayi ke faɗa a zaure yana murmushi ba magana ba ce. Ranar da manya suka zauna sa rana a faɗe ta gaban waliyyai da shaidu dalla-dalla: wa zai biya kuɗin makaranta, a wane gari za su zauna, in ta haihu wa zai riƙe jaririn lokacin lacca. Wata ɗalibata kawunta ne ya tsaya, ya ce "Alhaji a gafarce ni, ina so yaron nan ya maimaita da bakinsa", aka yi dariya aka ce kawu ya cika tsanani, yau tana shekarar ƙarshe kuma uwar mijin ce ke riƙe mata yaro ranar jarrabawa. Hidimar ƙasa ma ba abin tsoro ba ce, matar aure na iya neman a bar ta inda mijinta yake.

Wadda kuma ke son ta zama lakcara, ki ji da kyau ƙanwata, lissafin daga zangon farko na shekarar farko yake farawa. A ma'aunin maki 5, daga 4.50 ne digiri mai daraja ta ɗaya, daga 3.50 ta biyu babba, kuma wadda ta yi wasa a aji ɗaya da kyar take farfaɗowa. Sashe yakan riƙe waɗanda suka yi fice a matsayin mataimakan malamai, daga nan mastas, sai digirin dakta wanda in babu shi tsani ba ya hawuwa, sai rubuce-rubucen bincike da ake bugawa a mujallu, su ake ƙirgawa kafin a kai babban lakcara har farfesa. Kunyar nan tamu ta zama a kujerar baya a rufe baki, a nan tana cutarwa, don malamin da bai san sunanki ba ba zai rubuta miki takardar shaida ba. Ki zauna gaba, ki yi tambaya, ki nemi malama mace a sashenku ko ba Bahaushiya ba ce ko ba Musulma ba ce ki ce Ma ina son in bi sawunki, ki je ofis da rana ƙofa a buɗe, in da hali ke da ƙawarki. Furojet ɗinki ki yi shi da hannunki kar ki saya, kuma ga ki da abin da sauran 'yan ajin ba su da shi, kina jin Hausa da Yarbanci da Turanci, duk binciken da ya shafi kasuwar Mile 12 ko lafiyar mata a Idi-Araba ke ce za ki shiga gidajen a buɗe miki baki.

Kar ki ɗauka su ma matan kudu a kan faranti aka miƙa musu. Grace Alele-Williams ce mace ta farko da ta shugabanci jami'a a Najeriya, a Benin a 1985, ita kuwa jami'ar Legas da aka kafa a 1962 sai 2022 ta samu mace a wannan kujera, Farfesa Folasade Ogunsola, wadda kafin nan ta shugabanci kwalejin likitancin nan ta Idi-Araba. Mu ma muna da Farfesa Ruƙayyatu Ahmed Rufa'i 'yar Jigawa da ta riƙe ministar ilimi daga 2010 zuwa 2013, kuma in wani ya ce miki mace ta koyar baƙon abu ne, ki tuna masa Nana Asma'u 'yar Shehu da jajis ɗinta, malamai mata da ta horar, da ke bin ƙauyuka suna karantar da mata.

Ƙanwar tawa da ta yi asarar shekara yanzu tana aji uku a jami'a. Takardunta na asali suna wajena cikin wata jakar leda a ƙasan akwati, ita hotokwafi kawai nake ba ta, don na san damina a Agege.